Hotunan Yaya

An yi wani mutum da ake cewa yayansa ya tsine masa da hotuna kafin ya rasu.

Haka na ji maganar a layin ganin likita, haka na sake jinta a bakin mai sayar da zare, ko kalma ɗaya ba ta canza ba. Wai yayan ya ƙi yi masa magana, sai dai kullum ya ɗora hoto guda a shafinsa na waya, kowane hoto da baƙar maganar da ke cikinsa, har kwana arba'in da wani abu. Wai tun daga nan ƙanen bai sake zama daidai ba. Masu ba da labarin sukan rufe da cewa, "Ai waya ta kashe zumunci," kowa ya gyaɗa kai, a watse.

Ni kuwa in na ji labari ya yi santsi da yawa a bakin mutane, nakan yi zargin an kankare masa wani abu. Don haka na bi sawunsa. Na zauna da mai askin da ke maƙwabtaka da mutumin, na nemo dattijon direban da aka taɓa aikawa gare shi, na shiga mota na je wurin 'yar marigayin. Daga ƙarshe na zauna da shi kansa mutumin. Ga abin da na samo, ya 'yan uwa.

Mutumin mai ɗaukar hoto ne. Shagonsa siriri ne, tsakanin shagon aski da kantin magani. Akwai farin ƙyalle a bangon baya, da kujera mai juyawa, da fitilu biyu masu lema, ɗaya ta daɗe da mutuwa. Shekara talatin yana tsaye a wurin yana cewa, "Ɗaga haɓa. Kar ka yi murmushi. Kalle ni." Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, sai ya tattara kayansa ya koma ɗan ɗakin da ke bayan shagon. Gado ɗaya, butar shayi ɗaya, kofi ɗaya.

A duniya ba shi da kowa sai yayansa. Yayan direban motar haya ne da ya ajiye tuƙi, yana zaune a wani gari mai nisan rabin yini tare da 'yarsa. Shi ne ya bar makaranta ya kama sitiyari sa'ad da mahaifinsu ya rasu, shi ya rene shi, shi ya danƙa masa kyamararsa ta farko. Har furfura ta cika kan mai hoto, Yaya bai daina kiransa Auta ba. Duk wata biyu Auta yakan je, ya zauna a wata kujerar katako kusa da taga, su sha shayi, su yi musu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da kowa ya sami waya mai ɗaukar hoto, sana'ar ta rame, sai hoton fasfo jifa-jifa. Yini ya yi wa mutumin tsawo. Sai ya fara cika shi da leƙen shafukan mutane.

Kuma gaskiya yana da ido. Zai kalli hoton saurayi ya ce, "Agogon nan na aro ne, dubi yadda ya zame masa a hannu." Zai kalli hoton wata a gaban mota ya ce, "Inuwarta na gabas, inuwar motar na yamma, haɗi ne." Mai aski ne ya laƙaba masa suna Alƙali, da wasa, sunan kuma ya kama. Aka fara kawo masa wayoyi. Uwa ta kawo shafin mai neman 'yarta, mai gida ya kawo shafin mai son kama haya. Ya ɗora tabarau, ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya yanke hukunci kafin shayi ya huce.

"Ba ni shafin mutum minti biyar," yakan ce, "in gaya maka abin da uwarsa ma ba ta sani ba. Baki yana ƙarya. Hoto ba ya yi."

Idan ya dace, labari ya zaga unguwa. Idan ya kuskure fa? Wa zai dawo ya faɗa? Saurayin da aka kora bai ma san a wane shago aka yi shari'arsa ba. Haka mutum yake zama gwani, ya 'yan uwa: a riƙa lissafa masa inda ya harba ya samu, waɗanda ya harba bisa kuskure kuma su tafi da rauninsu shiru.

Wata rana ido ya kai shi shafin 'yar Yaya. Ita sana'arta ɗinkin labule, takan kuma je ta rataya a gidajen mutane. In ta gama sai ta tsaya gaban madubin ɗakin ta ɗauki hoto, labulen a bayanta, don masu so su gani. Alƙali bai ga labule ba. Ya ga ɗakin kwana daban kowane mako. Ya faɗaɗa wani hoto, can a kusurwar madubi sai ga takalmin namiji.

Ya zana wa takalmin jan da'ira, ya tura a guruf ɗin dangi, mai mutum sittin da wani abu. A ƙasa ya rubuta: "Ban ce komai ba."

Takalmin na kafintan da ke kafa mata sandar labule ne, ya cire shi a bakin kafet saboda ladabi. Amma wa ya tsaya tambaya? Mutumin da yake neman aurenta ya ɗauke ƙafa a makon nan.

Yaya ya kira shi. Muryarsa ba ta ɗagu ba.

"Auta, ka ɓata mini yarinya a gaban dangi. Ka ba ta haƙuri."

"Ni abin da na gani na nuna, Yaya."

"Takalmi ka gani."

"Shekara talatin ina wannan aiki."

"Ni kuma shekara talatin ina renonta. Ka zo ka zauna a kujerarka, ka kalle ta, ka maimaita. In ka iya, na yarda."

Bai je ba. Ya fita daga guruf ɗin dangi, ya toshe lambar yarinyar, ya toshe ta duk wanda ya kira don ya ba shi baki. Lambar Yaya kaɗai ya bari, ba don kewa ba, a cewarsa, sai don ya ga abin da zai yi.

Mako uku Yaya bai ɗora komai ba. Sannan wata safiya sai ga hoto. Ƙofa ce, rufe. Babu rubutu, babu gaisuwa.

Alƙali ya shiga shagon aski da waya a hannu. "Ka gani? Ya rufe mini ƙofa."

Mai aski ya leƙo ta saman kan wanda yake wa aski. "Ni dai ƙofa na gani. Kuma a karkace take. Kai da kake gyara wa mutane haɓa, ba ka koya wa yayanka riƙe waya ba?"

"Da gangan ne."

Washegari kujera, babu kowa a kanta. Ya gane ta, kujerarsa ce ta kusa da taga. Ma'ana, an cire shi daga gida. Ranar da ta biyo baya kofuna biyu a kan tebur, ɗaya a kife. Ma'ana, an kife shi. Sai kuma ƙofar, wannan karon a ɗan buɗe. Ma'ana, ga hanya nan, kama gabanka. Sai tsohon hoton da ke rataye a bango, su biyu suna samari a jikin motar Yaya. Wannan kam ya fi yi masa zafi. Gori ne, a ganinsa: tuna wanda ya rene ka.

Kowace safiya wajen ƙarfe bakwai hoto yake fitowa. Kowace safiya Alƙali ne mutum na farko da yake buɗewa. Tun kafin ya ɗora ruwan shayi yake zaune a bakin gado, waya a tafin hannu, yana jira a zage shi.

Sai ya fara mayar da martani. Yana ɗora rubuce-rubuce a nasa shafin a kan masu fuska biyu da dangin da ba su son gaskiya. Yana kuma aika wa Yaya saƙo kai tsaye. "Na ga habaicinka." "Girma ba na shekaru ba ne." "In kana da magana, ka faɗa da baki kamar namiji." Duk saƙon da ya aika, alamar nan ta an buɗe takan nuna. Amsa kuwa babu. Yaya yana gani, yana shiru. Akwai wulaƙancin da ya wuce wannan?

Sau ɗaya rubutu ya zo daga lambar Yaya. "Baffa, ni ce. Abba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya magana. Don Allah ka zo."

Abin da ya biyo baya, Alƙali da kansa ya gaya mini. Ya miƙe, har ya janyo jaka daga ƙarƙashin gado. Sannan ya zauna ya sake karantawa a hankali, irin karatunsa na Alƙali. Wace ce ta rubuta? Mai takalmi a madubi. Me take so? A jawo shi gaban dangi a sa shi ya durƙusa. Ya ce bari ya jira safiya. In mutum ya shanye da gaske, ai ba za a ga hoto ba.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, ƙofa ta fito.

Ya tura jakar ƙarƙashin gado da ƙafa.

Bayan kwanaki wani dattijon direba, abokin aikin Yaya tun suna samari, wanda har yanzu yake bin hanyar, ya ajiye mota a tasha ya tako har shagon. Ya ƙi zama.

"Alƙali, ba shari'a na kawo ba, saƙo ne. Yayanka yana kwance. Na shiga ɗakin, na riƙe hannunsa."

Alƙali ya juya masa fuskar waya. "Dubi lokacin. Safiyar yau. Mai shanyewar jiki ne ya ɗauki wannan ya ɗora?"

"Ni ban san waya ba. Mutum na sani."

"To ni na san hoto."

"Gobe motar farko. In ajiye maka kujerar gaba?"

"Ka ce masa ya sauke hotunan nan, ya kira ni da bakinsa."

Direban ya nufi ƙofa. "Bakin ne babu," ya ce, ya fita.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan. Ga mutum mai rai, mai furfura, da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya ce na gani, na taɓa. Ga kuma hoton ƙofa a gilashin da bai kai tafin hannu ba. Wanne ya fi cancanta a gaskata? Kowa a nan zai ce direban. Amma nawa ne daga cikinmu suka taɓa cewa, "Wance ai lafiyarta lau, jiya na ga ta ɗora hoto"? Nawa ne suka fasa zuwa gaisuwa saboda sun ga ɗigon kore a gefen sunan mutum?

Kwanaki suka ci gaba. Masu kawo wayoyi sun ragu, don duk wanda ya shigo sai an nuna masa ƙofa da kujera da kofi, an fassara masa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan jita-jitar da kuka ji ta samo asali: daga bakin shi mai ita. Da rana yakan zauna a kujera mai juyawa, inda masu fasfo suke zama, yana fuskantar kyamarar da babu kowa a bayanta. Ya ci abinci a tsaye. Wani lokaci yini guda ba ya furta kalma sai amsa sallamar mai aski. Abokin hirarsa ɗaya ne a duniya, shi ne hoton ƙarfe bakwai, kuma yana ƙinsa.

Sai wata safiya babu hoto.

Ya ja fuskar wayar ƙasa, ya sake ja. Ya fita bakin titi ko sabis ne. Babu. "Ya gaji," ya gaya wa mai aski. "Na san zai gaji." Amma shayinsa ya huce a kofi bai sha ba. Rana ta biyu babu. Rana ta uku ya rubuta, "Yau ba habaici?" Saƙon ya tafi, alamar an buɗe ba ta nuna ba.

A rana ta huɗu da hantsi, injin aski ya yi shiru a tsakiyar aiki. Mai aski ya shigo, da gashin wani a hannun rigarsa, da tasa wayar a hannu.

"Alƙali," ya ce, sannan ya gyara. "Malam. Rufe shagon."

Tafiyar rabin yini ce. Ko da ya isa, an riga an dawo daga maƙabarta.

'Yar Yaya ce ta tarbe shi. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata, ta kawo masa ruwa. Ba ta ɗaga murya ba. Da mutane suka ragu sai ta ce, "Baffa, ga ɗakin, in kana so."

Ya shiga ya tsaya a tsakiya. Ga ƙofa, ga kujera kusa da taga, ga tebur da kofuna biyu, ga tsohon hoto a bango. Duk ya san su, amma babu wanda ya yi kama da na cikin waya. Daga inda yake tsaye ƙofar a miƙe take.

Ya zauna a bakin gado. Ƙofar ta ɗan canza. Ya jingina da gwiwar hannu. Ta ƙara canzawa. Sai ya kwanta gaba ɗaya ta gefen hagu, ya ɗora kai inda matashin yake.

Ga ta nan. Ƙofar a karkace, ana kallonta daga ƙasa, da gefen tebur ya shigo ta kusurwa. Ya juya ido kaɗan, ga kujerar, daidai yadda take fitowa. Ga kofuna. Ga hoton bango. Abubuwa huɗu ne kawai mutum yake iya gani in yana kwance a wurin ba ya iya juyawa.

Darasin farko da aka koya masa a sana'a, wanda shi ma ya koya wa wasu, shi ne: kafin ka tambayi me ke cikin hoto, tambayi ina mai ɗauka yake. Kwana arba'in da wani abu yana faɗaɗa hotunan nan da yatsu biyu, bai yi wannan tambayar ba ko sau ɗaya. Mai aski ma, da bai san komai a hoto ba, ya ga karkatar tun ranar farko.

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa. Ta yi magana a hankali, kamar mai karanta jerin magunguna.

Ta ce ranar da mahaifinta ya faɗi, magana ta tafi, karatu ma ya tafi. Haruffa sun zama masa zane. Amma babban yatsan hagu bai manta hanyar ɗora hoto ba, don abin da ya iya ke nan a waya tun da. Kalma ɗaya ta rage a bakinsa. In ruwa yake so, Auta. In ciwo ya tashi, Auta. Ita kanta Auta yake kiranta.

Ta ce in ya ɗora hoto sai ya miƙo mata wayar ta buɗe masa jerin waɗanda suka gani. Ba ya karanta suna, amma ya san fuska. "Kullum taka ce ta farko, Baffa. In ya gan ta sai ya nuna kujera, in goge. Ya nuna kofi, in wanke in kife, kar ƙura ta shiga."

Mutumin bai ɗago kansa daga matashin ba. "Saƙonnina fa?"

"Yakan buɗe, ya ba ni in karanta masa."

"Kin karanta masa?"

"Na ce masa kana gaishe shi. Na ce aiki ne ya riƙe ka, kana tafe."

Wata malama da na ba labarin nan ta ce ai ƙarya ƙarya ce. Na ce mata ta je ta tsaya a gaban gadon mahaifinta da irin wannan saƙo a hannu, sannan ta dawo mu yi karatun.

Mutumin ya ce, "Me ya sa ba ki aiko mini hotonsa ba? Da na gani da idona..."

Ta dube shi. "Baffa, bakin Abba ya karkace. Yawu yana zubo masa. Kai kuma kana zana jan da'ira a hoton mutane. In aiko maka, a nuna shi a shagon aski?"

Ya mayar da ido kan ƙofar.

Ya koma shagonsa bayan kwana uku. Ya nemi gafarar yarinyar kafin ya taho, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Amma yafiya ba ta dawo da mai neman auren da ya ɗauke ƙafa ba, ba ta kuma mayar da baffan gidan ba. In ya kira takan amsa, ta tambayi lafiya, ta ce ana gaishe shi, shi ke nan. Dangin da ya toshe ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya tarar babu wanda yake ƙwanƙwasawa.

Masu kawo wayoyi sun daina zuwa. Kada ku ɗauka sun tuba ne. Sun sami wani Alƙalin a bayan kasuwa, matashi, an ce ya fi wannan ido.

Shi kuwa ya wanke hotunan nan duka a takarda, ya manna su a farin ƙyallen bangon baya, layi-layi, har babu inda mai fasfo zai jingina kai. Fitila ta biyu ma ta mutu, bai gyara ba. Wannan ne mutane suke gani ta gilashi su ce tsinuwa ta kama shi.

Wata rana dattijon direban ya sauke wani abu daga saman mota, ya ajiye a bakin shagon. Kujerar katako ce. Babu takarda, babu saƙo. Da a da ne, kafin a kwance igiya Alƙali ya fassara ta. Ranar da na je na tarar da shi zaune a ƙasa kusa da ita. Na tambaye shi me yake ganin yarinyar take nufi. Ya ce, "Hajiya, ban sani ba." Ina jin wannan ce magana mafi gaskiya da ta fito daga bakinsa cikin shekara goma.

Ni na tambaye ta. Ta ce tana buƙatar wurin don keken ɗinki, kuma kujerar ai tasa ce.

To, ya 'yan uwa. Ana ta cewa waya ce ta kashe zumunci. Ni na girmi waya nesa ba kusa ba, kuma na tuna lokacin da ake leƙen igiyar shanya ta kan katanga a yanke wa mace hukunci da yawan zannuwanta. Cutar tsohuwa ce, katangar ce kawai ta gajarce. Wayar nan da ake zagi, ita ce harshen da ya rage wa mara lafiya, kuma ta isar da saƙonsa kowace safiya ba ta makara ba. Wanda aka aika wa ne ya karanta da zuciya mai ciwo.

An hore mu da gudun mummunan zato tun muna yara, mun haddace, muna koya wa jikoki. Amma mun ɗauka zato shi ne abin da mutum ya raya ba tare da ya gani ba. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda yake zuwa da hujja a hannu, da lokaci a rubuce a ƙasansa, ya ce maka ai da idonka ka gani. Me ka gani? Takalmi. Ƙofa. Murmushin daƙiƙa ɗaya da aka zaɓa daga yini guda na kuka. Shafin mutum ɗan rami ne a jikin bango, kuma ba ka san ko a tsaye yake ko a kwance ba sa'ad da ya leƙo.

In 'yar uwarki ta ɗora abin da ya yi miki kama da habaici, kira ta. In ba ta ɗaga ba, sa takalmi. In mai rai ya zo ya ce miki wane yana kwance, kada ki buɗe waya don ki tabbatar. Gara ki yi tafiyar rabin yini ki tarar an yaudare ki, ki sha shayi ki dawo. Wannan asarar tana warkewa kafin mako.

Allah ya kiyaye mu daga idon da ya fi zuciya sauri, ya kiyaye mu daga zama alƙalan waɗanda suke jiranmu.

Wanda kuma ya sake kawo muku maganar tsinuwa, ga abin da ya faru. Yayan ya shanye, ba ya magana, ba ya karatu. Yana kwance ta gefen hagu yana ɗaukar ƙofar da yake sa ran ƙanensa zai shigo ta ciki. Ya rasu yana tsammanin Auta yana hanya.